Get ɗin da ba ya buƙatar Baba Jonah

"To idan Oga yana Kanada, wa zai buɗe get?" in ji Baba Jonah.

"Wayarsa, Baba," in ji Felicity mai haɗa na'urori. "Ban buɗe wa 'yan waje wata hanya a rawuta, wato na'urar intanet ɗin gidan, ba. Akwatin nan da na haɗa wa get ne ke neman wayar Oga daga ciki, ko ina yake."

Shekara goma sha takwas Jonah yana gadin gidan nan a Lugbe, tun da gine-gine suka cinye gonarsa. Da hon yake gane kowace mota. Ban da ɗakin gadi, ba shi da wurin kwana.

"In baƙo ya zo fa?"

"Kyamara za ta nuna masa." Ta sunkuyar da kai.

Sai get ɗin ya zame da kansa. Jonah ya miƙe ya cire hula kamar kullum, amma babu kowa. Muryar Oga ta fito daga lasifikar da ke jikin bango: "Yana aiki! Jonah, ƙarshen wata za mu yi magana."

"To, Oga."

Ya ɗauki bokiti ya nufi wajen fulawoyi, don tun safe ba su sha ruwa ba.