Wutar da Goggo Azumi Ba Ta Bayarwa

Shekara tara ke nan da aka kai Goggo Azumi makwancinta a zangon Bawku. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye. Karatuna bai yi nisa ba, ban taɓa zaton zan yi magana a jarida ba, amma bana aikinta ya biyo ni har ƙofar ɗaki, ba ni kuma da wanda zan tambaya.

A Salaga aka haife ta. Tana budurwa yaƙi ya watsa garin, suka gudu Yendi da zanen jikinsu. Ta sha gaya mini mutanen Yendi ba su bar su da yunwa ba, kullum akushi na shigowa, amma uwarta ba ta daina kuka ba sai ranar da wata tsohuwa Badagomba ta ba ta tukunya mai tsagaggen baki. "Mai cin tuwon wani baƙo ne," in ji Goggo, "mai tuƙa nasa ɗan gari ne."

Saboda haka da Mosawa da Busanga suka fara tsallako iyaka, suna gudun aikin tilas na Faransa, sai ta ɗauki kwando ta shiga gida gida. Ba ta tambayar mace me za ta bayar. Kai tsaye take zuwa madafa ta dudduba. "Adiza, wannan tukunyar gizo-gizo kike kiwo a ciki? Kawo ta." Mata su yi dariya, su yi mita, su bayar. Muciya, ludayi, tsohuwar tabarma, ɗan gishiri a ƙulle, dawa a ƙoƙo. Sabon kaya ba ta karɓa, ta ce nauyi yake ɗora wa wanda aka ba.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa bayarwa ba: wuta. In ta girka wa baƙuwa murhu, sai ta miƙa mata tsingaro, ta nuna mata gidan da ya fi kusa. Dole matar ta je ta yi sallama, ta roƙi garwashi, a ga fuskarta, a tambayi sunanta. Ina ƙarama ina ganin mugunta ce, mace ta sha tafiya ƙafa a kumbure a kuma aike ta. Sai da na girma na lura, duk gidan da ya ba da wutar farko shi ke fara zuwa barka in matar ta haihu.

Yau da Goggo za ta leƙo, ban san me za ta ce ba. Yaƙin Turawa ya sa gishiri ya yi wuya, yadi ya ɓace, matar da ke da tukunya biyu a da, yanzu ta sayar da ɗaya. Mutane kuma sun sake kwararowa ta Kulungugu da ke bakin iyaka, mata da goyo, suna kwana ƙarƙashin itatuwan bayan kasuwar shanu. A ranin bara sanƙarau ya shigo zango, ya ɗauke mini ɗana Yakubu yana fara tafiya. Wasu sun ce baƙi ne suka kawo ciwon, wasu sun ce iska ce. Ni ban sani ba. Na dai san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Yanzu ina da ƙanwarsa Lariba a baya, mahaifinta kuma yana hanyar Salaga da shanu.

Magajiya, shugabar matan zango, ta zo ta tsaya a kaina. "'Yar Azumi, kwandon nan a rataye zai tsufa?" Na ɗauka. Na ce a raina tara kaya ba zama da mutane ba ne, zan ajiye in juyo. Na manta bukkar da aka ba iyali na farko tana jikin dangarmu.

Ban daɗe da dawowa ba na ji sallama. Matar bukkar ce, Bamosiya, sunanta Poko, ɗanta na tari a bayanta, tsingaro a hannu. Hausarta ba ta wuce kalma biyu ba: "Mma, wuta." Na zuba mata garwashi daga nesa, har ɗaya ya faɗi tsakaninmu, ta sa yatsa ta ɗauke tana murmushi.

Mutane suna cewa na gaji Goggo. Abin da na gani ya rage nata shi ne matan zango har yau ba sa iya ɓoye tukunya in an shigo da kwando, da kuma gidajen da suka zama dangi ba jini. Zuciyarta kam ban same ta ba, ko kuwa ita ma tana tsoro ne ba ta nuna mini ba, Allah masani. Allah Ya haskaka kabarinta.

Poko tana shigowa kullum yanzu, tarin ɗanta bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba. Jiya ta miƙo hannu za ta ɗauki Lariba, na ce barci take, alhali yarinyar idonta biyu tana mata dariya. Poko ta sauke hannunta a hankali. Gobe da safe za ta sake miƙowa.