Yadda Daɓe Ya Shiga Takarda

Ku gyara zama, wannan da idona na gan shi. A shekarun da soja suka sassauta, jam'iyyu suka fito, kowa ya samu bakin magana, sai aka aiko kirana Agiye. Wai za a tsara yadda za a riƙe al'adun ƙasarmu, tun daga Gazawa har Gidan Rumji, a zuba a takarda guda. Abin da ya shiga za a tallafa masa. Abin da bai shiga ba, sai dai Allah ya ji ƙansa.

Ni kuwa uwar daɓe ce. Ni ke ba da waƙa, mata na amshi, muna dukan ƙasar ɗaki da madaɓi har ta yi sulɓi. To siminti ya cinye mana rabin gari, waƙar tana mutuwa a bakinmu.

Aka taru: ƴan kokawa, makaɗa, maƙera, mutanen buro, wato ma'aikatan ofis, da wata baturiya daga masu ba da taimako. Mai jan zaman, wani mushen lakol, wato malamin makaranta, mai gilashi, ya karanto abin da aka rubuta. Na kasa kunne har ya dire.

Na ce, "Mushe, ina daɓe?"

Ya ce, "Inna, daɓe ai aiki ne, ba al'ada ba."

Wani tsohon ɗan kokawa ya ce, "Ku bar ta! Ƙasa kaɗai take iya bugewa, ita ma don ba ta ramawa."

Na ce, "Kai da bayanka ya san ƙasa fiye da madaɓina?"

Aka kwashe da dariya. Mushe ya ce to in hau dandamali in rera su ji. Na ce a'a. Waƙar daɓe ba ta fita a hannu wofi; bugun ne ke jan ta. Suka ɗauka tsoro na ji. Sai na nuna musu wani aji a bayan wurin, inda yara ke zama cikin rairayi. Na ce a kawo mini marmara da makuba, a kira matan da suka zo rakiya.

Kashegari da hantsi muka zuba marmara, muka yayyafa ruwan makuba, muka durƙusa a jere. Na ba da waƙa. Matan Gobir suka amsa da nasu salon, na Gazawa da nasu, sai da muka kai tsakiyar aji kafin bakinmu ya haɗu. Da ya haɗu kuwa, taron ya watse ya dawo taga. Baturiya ta karɓi madaɓi, bugu goma tafinta ya yi bororo, ta ƙi saki.

Da ƙasa ta sha iska, mushe ya cire takalmi ya shiga, ya yi ta murza ƙafa. Sai ya aika a kawo takardar.

Aka rubuta cewa kowace shekara bayan kaka, matan Agiye da Gazawa da Gobir za su haɗu a ƙauye guda su daɓe aji. Na sa aka karanta mini sau biyu, sannan na dangwala yatsa.

Shekara ta kewayo muka haɗu a Sae Sabuwa. Ina cikin ba da waƙa numfashi ya yanke mini. Kafin in mayar, wata amarya daga ƙarshen layi ta cafe waƙar, har da baitin da ban taɓa ji ba. Na sunkuyar da kai na yi mata amshi.