Ranar da Na Shiga Kasuwar Taya da Buta

Abubuwa da yawa sun shige mini na shekarar da na fita takaba, wasu ma da gangan na ƙyale su suka shige. Amma safiyar da motarmu ta yi iyo a kan kwalta da mata cike a bayanta, da abin da ya biyo baya, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ba.

Maigidana ya rasu ya bar mini yara, da gonar shinkafa can wajen Bunkure, da wata tsohuwar a-kori-kura irin mai ja da ƙafa huɗu. Mu a Kura muke zaune, ni kuma sana'ata turara shinkafa, ban san komai a mota ba sai dai in shiga in fita. Danginsa suka ce in ba da gonar haya in huta, noma ba na mace ba ne. Na ce musu na gode, amma bana kam da idona zan ga an dasa ta. Ƙanina ne ya karɓi tuƙin motar, mutum mai kirki, sai dai ƙafarsa ba ta jituwa da birki.

Masu yi mana dashe wasu mata ne na wani ƙauye kusa da mu. Shugabarsu wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Inna. In Inna ta ce a tafi, an tafi. In ta ce a zauna, ko wane ne ya zo ba mai motsawa. Da sassafe ake ɗauko su, a bi kwalta, sannan a sauka a bi gaɓar kanal cikin laka har gona.

To direbobin gona na wajenmu suna da wata al'ada. Daga gefe suke kallon taya. In haƙoran gefenta suna nan gatso-gatso, shi ke nan ta yi, don su ne ke fitar da mota daga taɓo. Kuma kafin a shiga laka sai a sage iskar tayar don ta baje ta kama ƙasa, in an hau kwalta ba wanda ke damuwa ya mayar. Haka motarmu take, ni kuma ban ga aibun hakan ba tunda kowa haka yake yi.

Ranar da za a fara dashe, marka ta kankama, ruwa ake tun asuba ba ƙaƙƙautawa. Ina gaba kusa da ƙanina, matan suna baya sun lulluɓa da leda suna ta hira. Akwai wani wuri da kwaltar ta ɗan lotsa, ruwan gonaki ya tsallako ya kwanta a kai, ga kanal a gefe ya cika taf. Muna shiga wurin sai ƙarar hanya ta ɗauke ɗif. Na ga ƙanina yana juya sitiyari, motar kuma ba ta san yana yi ba.

"Yaya, babu sitiyari!" in ji shi.

Ya taka birki, sai bayan motar ya zagayo gaba. Gonakin da ke hannun dama na gan su a hagu. Salati ya kaure a baya. Da muka tsaya, hancin motar yana kallon Kura inda muka fito, tayar baya ɗaya tana kan gaɓar kanal, ƙasa na zubewa a ƙarƙashinta.

Allah ya tsare, ba wadda ta faɗa. Amma Inna ta bugu da ƙarfen bodi, wuyan hannunta ya kumbura nan take. Ta sauko a hankali, ta tara matanta ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, na cefane muka fito nema, ba likkafani ba. Motar nan mun gama hawanta."

Suka juya suka kama hanyar gida a ƙafa cikin ruwan. Na tsaya ina kallonsu, kunya da tsoro sun haɗe mini.

Wanda bai san shinkafa ba zai ce ai sai a jira. Ba a jira. Irin da ke gadon reno ya isa dashe, in ya wuce lokacinsa ya tsufa, ko an dasa ba ya yin 'ya'ya sosai. Duk masu dashen yankin kuma an riga an kama su, kowa nasa yake so a fara. In matan Inna ba su dawo ba, daminar ta wuce ni, kuma na san abin da dangi za su ce, na san inda gonar za ta koma.

Da aka jawo motar gida ƙanina ya ce, "Yaya, ƙaddara ce. Tayoyin nan lafiyarsu ƙalau, dubi haƙoransu."

Na ce na yarda da ƙaddara, amma bari in duba da kaina. Na tattare zanina na durƙusa, na sa tafin hannu a tsakiyar tayar, inda take taka ƙasa. Santsi kamar bayan faranti. Kwalta ta cinye tsakiyar tas, haƙoran gefen ne kawai suka rage suna ruɗin mutane.

Ni 'yar manomin rani ce. Tun ina ƙarama babana ke tura ni in buɗe wa fangali ruwa, kuma abin da ya fi nanata mini shi ne kada in saki ruwa sai na san ta inda zai fita. Na ɗauko butar alwalata na zuba a kan tayar. Ruwan ya baje kawai, bai da hanyar bi. A nan na gane abin da ya same mu. Ruwa ya shiga ƙarƙashin taya bai samu mafita ba, sai ya ɗaga ta, mota ta rabu da ƙasa.

Wani mai faci a bakin titi ya ce in kawo tayoyin ya yanka musu sabon zane da wuƙa mai zafi, yanzu-yanzu za su koma kamar sababbi. Na tambaye shi ko naman da zai yanka ɗin zai tsiro. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na fitar da shansherar shinkafar da na ajiye don turarawa na sayar, na ce wa ƙanina gobe za mu birni.

"Ki ba ni in je in sayo mana. Me mace za ta yi a kasuwar taya?"

"Abin da ta yi a bakin kanal," na ce. "Tare za mu."

Na cika butata na sa a jaka. Da muka shiga layin 'yan taya idanu suka yo kaina caa. A shagon wani dattijo muka tsaya, ya mirgino mana wata ta gwanjo mai manyan haƙora, ƙanina har yana shafa ta kamar ya ga amarya. Na ce a tsayar mini da ita. Na ciro buta.

"Hajiya, masallaci yana can baya," in ji wani maƙwabcin shagon. Aka kwashe da dariya.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, har kunnuwana suka yi zafi. Amma na tuna ƙasar nan da ke zubewa a ƙarƙashin tayarmu, sai na daure na zuba ruwan. Zanen tsakiyarta ya riga ya yi rabi, ruwan ya tsaya yana dabur-dabur kafin ya gangara. Na ce ba ita ba.

Mai shagon ya daina dariya, ya gyara hularsa. Ya kawo wata mai siraran layuka irin ta motocin cikin gari. Na zuba, ruwan ya bi layukan sumul, har na fara murna. Sai ƙanina ya ce, "Wannan ko kwanar farko ta gaɓar kanal ba za ta wuce ba, Yaya. Laka za ta cike ta, mu kwana a can." Na dube ta da kyau na ga gaskiyarsa. Ni kwalta kawai nake tunani, na manta rabin hanyarmu taɓo ne.

"Alhaji," na ce wa mai shagon, "ina son wadda za ta ciji laka, kuma ta ba ruwa hanya."

Ya shiga can ciki ya jima, ya fito da wata sabuwa. Haƙoranta matsakaita ne, amma tsakaninsu akwai ramuka masu zurfi da suka zagaye ta, wasu kuma sun yi reshe sun fita gefe. Na zuba ruwa. Ya faɗa manyan ramukan, ya rarrabu ya zubo ta gefe biyu, tamkar yadda babban kanal ke ba ƙanana. Na sa ɗan yatsana a ramin, ya shige har gaɓa. Dattijon ya nuna mini wasu 'yan tsage-tsage a kan kowane haƙori, ya ce su ne ke kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya juya gefenta ya nuna mini babu tsagewar tsufa.

Sannan ya dubi ƙanina ya ce, "Samari, ka ji ni da kyau. In ka sage iska don laka, ka mayar kafin ka hau kwalta, in ba haka ba tsakiyarta lotsawa take ruwa ya samu wurin zama. Kuma ba a ƙera tayar da za ta ceci mai gudu cikin ruwa ba tukuna."

Ƙanina ya sunkuyar da kai. Muka ɗauki na ƙafa huɗun gaba ɗaya, na haɗa da famfon ƙafa na ba da iska. Muna fita na ji maƙwabcin nan yana cewa a ara masa butar.

Sayen taya ashe shi ne mai sauƙin. Da la'asar na tafi gidan Inna. Na same ta a tsakar gida, mai ɗori ya ɗaure mata hannun, ya ce targaɗe ne. Na gaishe ta, na ba ta haƙuri, na kwashe duk abin da na yi na gaya mata, har da butar.

"Taya sabuwa, direba tsoho," ta ce.

"Shi ma an gyara shi, Inna."

"'Yar nan, ke a gaba kike zama, ga ƙofa ga gilashi. Mu ne a baya kamar buhuna. Matan nan kowacce ta bar yara a gida, ni aka ba amanarsu."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ce, "Gobe ni zan zauna a baya, a gefen da ya kusa faɗawa. Ke ki shiga gaba. In kin ga abin da bai yi miki ba, ki ce a tsaya, kuma ba zan sake tako gidanki da maganar ba."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce in gaida yara.

Washegari muka tsaya a bakin ƙauyen, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Muka yi ta jira har ƙanina ya fara cewa mu koma. Na ce ko zuwa azahar ne ina nan. Can sai ga su sun ɓullo a jere, Inna a gaba da hannunta a ɗaure. Ba ta gaishe ni ba sai da ta zagaya motar, ta durƙusa ta sa yatsa a ramin taya kamar yadda na ba ta labari. Na buɗe mata ƙofar gaba.

"In na shiga nan wa zai ga abin da ke samun 'ya'yana?" ta ce. Ta kama ƙarfe da hannu ɗaya ta hau baya. Na bi ta, na zauna ta ɓangaren da ke kallon kanal kamar yadda na yi alkawari.

Ba mu yi nisa ba ruwan ya kece. Sai a ranar na san abin da ake nufi da zama a bayan mota cikin marka. Ruwa na dukan fuska, ba abin riƙewa sai ƙarfe mai santsi. Da muka doshi lotsawar nan, na hango ruwan ya kwanta fiye da na ranar farko. Inna ta damƙi hannuna da lafiyayyen hannunta har sai da na ji zafi.

Ƙanina ya rage gudu tun daga nesa. Muka shiga. Na leƙa ƙasa, na ga ruwa na fita ta gefen tayar feshi-feshi, kuma ƙarar kwalta ba ta ɗauke ba, ina jin ta a ƙashin bayana. Motar ta miƙe sak ta fita ɗaya gefen. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, saura suka fashe da dariya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na gode Allah ruwan sama ya rufa mini asiri.

Inna ba ta saki hannuna ba sai da muka sauka kan laka muka isa gona. Na ce ta zauna a ƙarƙashin rumfa ta huta da hannun nan. Ko kallona ba ta yi ba. Ta tattare zani ta shiga taɓo, ta karɓi damin iri ta maƙale shi a hannun mai ciwon, ta dasa na farko da ɗayan. Sannan ta ɗago ta daka wa matanta tsawa, "Me kuke jira? Irin Hajiya tsufa yake yi!"

Gonar tana hannuna har yau, kuma matan Inna ne ke dasa ta. Duk farkon damina sai na durƙusa da butata a gaban motar, 'yan unguwa sun gaji da tsokanata sun bari.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in za ka ɗauki rayukan mutane, kada ka tsaya kallon abu daga gefe don kowa haka yake kallonsa, ka durƙusa ka taɓa inda yake taka ƙasa. Kuma in mutane sun daina yarda da kai, bayani ba ya dawo da su, sai sun gan ka zaune a wurin da kake zaunar da su. Tun daga safiyar nan, in dai akwai mata a bayan motata, ban sake zama a gaba ba.