Larabar da Verna Ta Saki Layi

Verna Kuhlmann ba ta yarda a ce mata mai kamfani, ita dai "mai layi" ce. Da ƙafarta ta hau rumbunan masara da tankin ruwan gari tana kafa farantin kama intanet, har intanet ya kai gidajen makiyayan yammacin Nebraska da manyan kamfanoni suka ce ba riba a wurinsu. Yanzu gwiwa ta fara ba ta matsala, amma bakin nan nata lafiyarsa lau.

Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ran Laraba ake gwanjon shanu ta intanet, layinta kuwa siriri ne, ba ya ɗaukar gari gaba ɗaya. Da an fara gwanjo sai ta shiga ɗakin na'urori ta matse wa masu kallon fim, ta buɗe wa masu taya shanu hanya. Fim ya yi ta tsayawa, a yi tsaki a haƙura.

Kwatsam sai ga maganar doka, wai mai layi ba shi da ikon fifita wani abu a kan wani, fim da gwanjo duk ɗaya. Manyan kamfanoni suka yi tsalle suka dire, suka ce ba su yarda ba. Verna ta tsane su kamar ciwon haƙori, sai ga ta a sahunsu, don ita ma ba ta son dokar. Abin ya ƙona mata rai, amma ba ta ja da baya ba.

Mai goyon bayan dokar a garin ita ce Loretta, matar yayanta, mai kula da ɗakin karatu. Ran Lahadi bayan coci, ana shan kofi da kek ɗin tuffa, suka kacame.

"Ke mulki kike so," in ji Loretta. "Yau kin matse fim, gobe wa ya san me za ki matse?"

"Ni, mulki? Da wannan gwiwar? To, ji nan, uwar littattafai. Laraba mai zuwa zan naɗe hannuna, kowa daidai, yadda dokarku take so. Ki zo ki ga yadda gwanjo zai sandare!"

Da ƙarfi ta faɗa, har matan da ke wanke kofuna suka juyo.

Sai da ta shiga mota ta tuna da tsoho Orville Brandt. Bijiminsa ya mutu da hunturu, kuma ya ƙwallafa rai a kan wani baƙin bijimi da za a fitar a gwanjon Larabar nan. In ya rasa shi, lokacin barbara zai wuce shanunsa, baɗi ba maruƙa. A gwanjo kuwa, in layi ya yi jinkirin ƙiftawar ido, wani ya riga ka. Orville ɗin nan shi ya fara ba ta tudunsa ta kafa turken faranti, lokacin da kowa ke mata dariya. Amma ta riga ta yi magana a gaban jama'a, kuma Verna ba ta iya janye magana ba, haka Allah ya yi ta.

Ran Laraba ta zauna gaban allon da ke nuna cunkoson layi, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya. Loretta ta zo da kujerarta, wai ita ce shaida. Aka fara gwanjo. Verna ta zuba ido tana jiran layi ya toshe, tana tunanin Orville. Shiru. Layi fayau. Gidan Lindgren masu tarin yara, ba kowa a kan layi. Gidan tsofaffi da ba a kashe kallo, ba kowa.

"Kai! Na'urar nan ta lalace ne?"

Loretta ta ƙunshe dariya. "Ƙalau take. Kin manta inda kika yi shelarki? Matan coci sun buga waya gida-gida, Orville zai taya bijimi, kowa ya kashe kallo. Ni ma na rufe kwamfutocin ɗakin karatu."

"Har da ke? Ai wannan maguɗi ne!"

"Ba wanda ya matse mu, mu muka ga dama."

"To, a babban birni wa zai bi mutane da waya? Ni dai har gobe ban yarda da dokar nan ba."

"A babban birni kuma ba ke ce mai layi ba, shi ya sa nake son dokar."

Verna ta buɗe baki za ta rama, sai waya ta yi ƙara. Orville ne, yana haki kamar ya yi gudu.

"Verna! Na same shi, bijimi ya zama nawa! Yau layin nan naki ko gezau bai yi ba. Me kika yi masa?"

Hujjarta ta rushe a gaban matar yayanta, ga haushi, ga daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa.

"Ni? Babu abin da na yi, Orville," ta ce. "Maƙwabtanka za ka bi da godiya. Ka cika motarka da mai, don gari guda za ka zagaya."