Gadon Da Na Gani A Wayar Matata

A lokacin ni kafinta ne a unguwar Anloga da ke Kumasi, ina riƙe da rumfar da mahaifina ya bari da injin yankan katako guda ɗaya. Gadajen amaren unguwar Akwatia Line kusan duk daga hannunmu suke fita, don marigayin ya sha gaya mini kada in taɓa mayar da uwar amarya hannu wofi. Sai ga wani kamfanin saye da sayarwa ta waya, wanda kowa a Kumasi ke zancensa, ya turo wakilinsa. Ya ce duk gadon da na ƙera za su ɗauka, kuɗi a take. Kai, na ga banza! Kullum aboboya, wato keken kaya mai ƙafa uku, tana ƙofar rumfata. Har wata Hajiya, tsohuwar abokiyar cinikin babana, ta zo neman gadon jikarta, na ce mata hannuna a cike yake. Ta juya ta tafi.

Tsoro ya fara shigata ranar da matata ta nuna mini gadona a wayarta, kamfanin ya sa shi a kasuwa. Farashin da suka sa bai kai abin da suke biyana ba, ga kai wa mutum har gida kyauta. Ni ɗan kasuwa ne, na san ba a sayen abu da tsada a sayar da araha a daɗe. Na tambayi wakilin yaushe za su fara cin riba, ya yi dariya ya ce masu zuba jari ne ke cike giɓin, riba sai mutane sun saba tukuna. Na ce to daga ina za ta fito? Ya miƙo mini kuɗin gadajena, na karɓa na bar zancen. Tun daga nan abinci ya daina yi mini daɗi, ko waya ta yi ƙara sai in zaci za a ce sun rufe.

Ashe ba rufewa za su yi ba. Wata safiya wakilin ya zo ya ce lokacin riba ya yi, don haka sun rage abin da za su riƙa biyanmu, wanda bai yarda ba akwai wasu kafintocin. Abin da ya faɗa ko katako da ƙusa da ƙyar zai saya. Nan take na nufi gidan Hajiyar nan, in ba ta haƙuri ko za ta dawo mini da mutanenta. Ta karɓe ni da mutunci, ta ce yanzu ai duk unguwa ta waya ake saye. Ta kai ni ɗakin jikarta ta nuna mini gadon da ta saya a wurinsu. Aikin hannuna ne, har da 'yar alamar babana da nake sassaƙawa a ƙafarsa.

Rumfar tana nan, amma ban san ko za ta kai baɗi a hannuna ba, kuma wannan tsoron nake kwana da shi. 'Yan'uwana masu sana'a, in kamfani ya ce muku riba sai gaba, ku tambaya a jikin wa za a cire ta. Ni ban tsaya na ji amsa ba, sai da na kori kowa sannan na gane a jikina ne.