Gwangwanin Dutsen Katabu

Wani tsohon ma'aikacin safiyo, wato masu auna filaye, ne ya koya mana wasan, shekarar da ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Mutum zai sami gwangwanin madara, ya sa ɗan littafi da fensir a ciki, ya ɓoye shi a wani wuri, sannan ya turo lambobin taswirar wurin a zaurenmu na waya. Wanda ya bi lambobin ya gano shi sai ya sa hannu a littafin, ya mayar da gwangwanin yadda ya same shi. Mu bakwai ne, galibi ma'aikatan gwamnati irina, sai wani mai sayar da kwado da makulli a Babbar Kasuwa.

Baba ba ya ɓoyo mai wuya. Gindin durumi a Unguwar Kanawa, ko bayan tsohuwar rijiya, duk inda zai sami labarin da zai ba mu. Mai makulli kuwa ya ce wannan yawon shan iska ne, ba wasa ba. Shi sai cikin kwalbati ko saman katanga. Da farko tsokanar juna kawai suke yi, mu muna dariya.

Wata Asabar mai makulli ya ɓoye ɗaya a kan wani dutse bayan Katabu. Baba na fama da ciwon gwiwa, don haka na ɗauke shi a babur ɗina. Shi ya karanta lambobin, shi ya kai mu gindin dutsen, ya nuna wani tsagi da sandarsa ya ce, "Yana can, ɗana. Ni dai ƙafa ta ƙi." Na hau na sauko masa da gwangwanin. Ya sa hannu, na sa nawa a ƙasan nasa, na hau na mayar da gwangwanin. Har muka iso Kawo yana ba ni labarin lokacin da suka auna filayen wajen.

Kwana biyu bayan haka mai makulli ya turo hoton shafin, ya ja layi a kan sunan Baba. Ya rubuta cewa wanda bai hau ba bai samu ba. Wasu suka ce ai gano wurin shi ne wasan, wasu suka ce doka doka ce, in aka sassauta wa ɗaya kowa ma zai aika a ɗauko masa. Sai mai makulli ya tambaye ni kai tsaye: "Malam, tsakaninka da Allah, wa ya hau?"

Na rubuta, "Ni ne." Ban ƙara komai ba. Ban ce Baba ne ya gano tsagin ba, ban ce da ni kaɗai ne da har yamma ina zagaye dutsen ba. Ina gudun a ce na ɗauki ɓangare.

Washegari muka ga Baba ya fita daga zauren.

Na je gidansa bayan la'asar. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini kunun aya. Da na fara kame-kame sai ya ɗaga hannu.

"Gaskiya ka faɗa, ai ba laifi," in ji shi. "Ni ne ban lura na tsufa ba."

Ya roƙe ni in kwaso masa gwangwanayensa guda huɗu, kada ruwan damina ya lalata littattafan. Na yi alkawari, amma aiki ya sha kaina. Sai bayan wata guda na je, na tarar biyu sun yi tsatsa, takardun sun manne. Kunya ta hana ni kai masa.

Kafin ƙarshen shekarar 'yarsa ta mayar da shi Zariya wurinta saboda jinya. Zauren ya yi tsit a hankali. Nakan wuce ta gaban shagon mai makulli, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi kasuwa. Sau ɗaya ya ce, "Kana jin labarin Baba kuwa?" Na ce a'a, ya ce shi ma haka.