Ƙanzon Tukunyar Gidan Wanka

Kakana ya yi aikin hura wuta a jirgin tururi na Turawan Faransa a tafkin Chadi, lokacin yana saurayi. A gabansa na tashi a Gigimi, na sha labarin jirgin nan har na haddace. Ya ce gunduwa-gunduwa aka ɗauko shi a kan mutane, aka harhaɗa a bakin ruwa. Itace yake ci, ci kuwa na rashin imani, duk ƙauyen da aka tsaya sai an tasa mazansa sara. Tafkin ba shi da zurfi, don haka mutum guda ke tsayawa a goshin jirgi da doguwar sanda yana caka ƙasa. Ga tsibiran ciyawa masu yawo, hanyar da aka bi jiya yau a tarar sun toshe ta.

Amma abin da ya fi nanatawa shi ne tukunyar da ke dafa ruwan ya zama tururi. Ruwan tafki akwai laka, akwai kanwa, in ya tafasa sai ya bar farin ɓawo a gindinta. Ƙanzo yake ce masa. In aka bari ya yi kauri, wuta ba ta kaiwa ga ruwa, ƙarfen take ci har ya tsage. Shi ya sa lokaci-lokaci sai a ɗaure jirgi, a kashe wuta, a jira ta huce, kakana ya rarrafa ciki da guduma.

Da wannan ilimin na ci abinci a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Wani Alhaji Balarabe ya ɗauke ni aikin tukunyar gidan wankansa. Man mazut take sha ba itace ba, amma ruwan garin ma ƙanzo gare shi. Na ce masa duk wata zan rufe kwana biyu in kankare, ya yi gunaguni ya yarda. Shekara shida ina wurin, da aikin nake ci da iyalina a gida.

Kuskurena ɗaya ne. Wata Juma'a bayan an sauko, muna shan shayi da 'yan ƙasarmu a gindin bango, daɗin hira ya kwashe ni na ba da labarin jirgin. Akwai wani magini ɗan Maraɗi a wurin, mai baki kamar reza. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Jirgi a kan mutane? Wuta bisa ruwa? Ai tsohon nan ya shirga maka ita, kai ko ka haɗiye."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar sunana ya koma Kaftin. Zagina da ya yi ban damu ba, amma ya kira mutumin da ya raine ni maƙaryaci, mutumin da ke kabari, a gaban jama'a. Wannan ce na kasa yafewa.

Bai tsaya nan ba. Da aikin gini ya yi sanyi, ya zagaya wajen Alhajin ya ce rufewar da nake yi lalaci ne da tatsuniyar tsofaffi, shi zai riƙe wuta kullum ba hutu. Alhaji ya ji daɗin zancen. Aka sallame ni aka ba shi aikin, na koma ban ruwa a wani lambu a Outoul, wajen gari, ina duƙe daga safe har la'asar, da shekaruna.

Ban yi rigima ba. Na san abin da ke taruwa a gindin tukunyar nan, na zuba ido. Wani abokina ɗan Damagaram ya ce in je in gargaɗi maginin, na ce wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

A wata na takwas da sallamata, ranar wata Litinin da hantsi, na kawo tumatir kasuwa na biyo ta bayan gidan wankan. Ta bango na jiyo tukunyar tana ƙwanƙwasa, ƙwas, ƙwas. Kakana ya ce in ta fara haka, a janye wuta nan take. Ƙofar ɗakin tukunyar a buɗe, ga maginin zaune kan bulo yana latsa waya. Taku biyar ne tsakaninmu. Ya ɗago ya ce, "Kaftin, ina aka baro jirgi?" Na ce yana nan lafiya, na wuce abina.

Ranar Alhamis gindinta ya tsage. Allah ya tsare masu wanka, bango ya raba su da ita. Maginin kuwa tafasasshen ruwa ya same shi a hannun dama, tun daga kafaɗa. Ya yi sati uku a asibiti, ya fito yatsun sun ƙandare, ba sa riƙe ko cokalin gini. Alhaji ya turo har lambu a kira ni, na bari sai da ya turo sau uku.

Ranar da maginin zai koma gida, 'yan ƙasarmu suka raka shi tasha, ni ma na je. Ya ja ni gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, ran nan da ka biyo, ka ji ta, ko?"

"Na ji."

"To mi ya hana ka faɗa mini? Ina da ɗiya huɗu."

Na dube shi na ce, "Ai tatsuniya ce. Ina ni ina ɗaga maka hankali da tatsuniya?"

Aka kama shi ya hau mota, don ba ya iya hawa da hannu ɗaya. Na koma na kunna wutata. Shekara huɗu ke nan ina jiran ranar da zan ji kunyar amsar nan, har yau ba ta zo ba, kuma rashin zuwan nata ya fara ba ni tsoro.